Yamato Gunkei da danginsa: yadda zakaran faɗa ya koma kayan ado a Japan

Wanda bai san shi ba, in aka ajiye masa zakaran Yamato Gunkei a gabansa, abin da zai fara cewa shi ne a yi maza a ware shi kafin ya shafa wa sauran kaji cuta. Gashin jikinsa gajere ne, mai tauri, kuma bai ishe shi sutura ba. Jar fata tana waje a tsakiyar ƙirji, a gaɓar fiffike, da ƙarƙashin wutsiya. Fuskar duk ta tattare, fata ninki a kan ninki tun daga gefen ido har maƙogwaro. Idon fari ne, ya shige can ƙarƙashin gira mai tudu, sai ka ga kullum kamar harararka yake yi. Zankon ɗan dunƙule ne manne da ƙoƙon kai, wutsiyar kuma 'yar guntuwa ce da ta lanƙwasa ƙasa tsakanin ƙafafu. Tsayuwarsa a miƙe take ƙyam, kafaɗu sun ɗago sun yi faɗi, ƙafafu masu kauri a ware.

To lafiyarsa ƙalau. Duk abin nan da aka lissafa, shi masu kiwonsa a Japan suke nema, kuma sun shafe zuriya bayan zuriya suna zaɓen uwa da uba don ya fito haka. A wurin baje kolin kaji, zakaran da fuskarsa ta fi tattarewa da kauri shi ke tafiya da kyauta. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba a kai shi fagen faɗa. Jikin mayaƙi gare shi, amma don kallo kaɗai ake ajiye shi.

Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an fara da babban gidan da ya fito, wato Shamo. Sunan nan ba na kaza iri ɗaya ba ne, na dangi ne guda, kuma a Japan ana lissafa iri bakwai a ƙarƙashinsa. Babbansu O-Shamo, wanda zakaransa kan wuce kilo 5 da rabi, shi ne ainihin na faɗa. Akwai matsakaicinsa da ake kira Chu-Shamo, mai kimanin kilo 4, amma iri ɗaya ake lissafa su. Sai Yakido, baƙi wuluk, daga yankin Mie. Kinpa daga Akita, wanda zakaransa ke da gashi irin na mace. Nankin-Shamo da ɗan'uwansa na yankin Niigata. Ko-Shamo, ɗan mitsitsi mai kimanin kilo 1. Da kuma Yamato Gunkei, wanda ake dangantawa da yankin Hiroshima, mai kilo 2 ko ɗan sama da haka. Na ƙarshen nan biyu su ne suka fi yin nisa a hanyar ado.

Asalinsu ba na Japan ba ne. Sunan Shamo daga Siyam ya samo tushe, tsohon sunan ƙasar Tailan, kuma an fi yarda cewa kakanninsu sun shigo ne a farkon zamanin Edo, wanda ya fara a 1603. A shekarun nan jiragen fatake masu ɗauke da takardar izinin gwamnati suna zirga-zirga tsakanin Japan da Ayutthaya, babban birnin Siyam na lokacin, inda har unguwar Japanawa aka kafa. Ko bayan da mahukunta suka taƙaita hulɗa da waje a shekarun 1630, kaya ba su daina sauka a tashar Nagasaki ba. Binciken ƙwayoyin gado da masanan Japan suka wallafa a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa jinin Shamo ba daga ƙofa ɗaya ya shigo ba: akwai na Kudu maso Gabashin Asiya, akwai na ƙasar Sin. Ke nan sunan ya riƙe hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin da aka bi.

Baƙin kajin nan sun tarar da ƙasar da ba ta ɗauki kaza a matsayin abinci ba, kuma a ganina wannan ne mabuɗin zancen gaba ɗaya. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya fitar da dokar hana cin naman shanu, dawakai, karnuka, birai da kaji a watannin noma. Dokar ta haɗu da koyarwar addinin Buddha da kuma ƙyamar jini da ke cikin addinin gargajiya na Shinto, sai ƙin cin dabbar gida ya zama ɗabi'a ta ɗaruruwan shekaru. Ana farautar agwagin daji da sauran tsuntsayen dawa a ci, amma kazar tsakar gida tana da wani matsayi daban. Ita ce agogo, carar zakara ke sanar da asuba. Tana da gurbi a tatsuniyar addininsu, inda aka ce da carar zakaru aka yaudari allahiyar rana ta fito daga kogon da ta ɓuya, shi ya sa har gobe kaji ke yawo abinsu a harabar wurin bauta na Ise. Sannan ita ce abin wasa da duba.

Faɗan zakaru kuwa ya girmi zuwan Shamo nesa ba kusa ba. Kundin tarihin Nihon Shoki, wanda aka kammala a 720, ya kawo labarin wani basaraken yankin Kibi da ya sa wa ƙaramin zakara sunan sarki, babba kuma sunan kansa, ya haɗa su. Da ƙaramin ya yi nasara sai ya zare takobi ya kashe shi, labari ya kai fada, aka hallaka shi da iyalinsa. A zamanin Heian, wanda ya fara a 794, haɗa zakaru ya zama bikin fada da ake yi ranar 3 ga wata na uku. A garin Tanabe da ke yankin Wakayama akwai wurin bauta mai suna Tokei, inda ake ba da labarin cewa shugaban mayaƙan ruwa na Kumano ya rasa ɓangaren da zai bi a yaƙin gidan Minamoto da gidan Taira, sai ya haɗa fararen zakaru bakwai da jajaye bakwai. Farare suka yi rinjaye, ya bi Minamoto masu farar tuta, aka gwabza a Dan-no-ura a 1185.

Mutumin da ba ya kiwon kaza don nama ko ƙwai, me zai duba in zai zaɓi wadda zai bar wa iri? Murya, gashi, tsayuwa, zuciya. Da zamanin Edo ya kawo zaman lafiya na sama da shekara 250, birane suka cika, 'yan kasuwa suka yi kuɗi, samurai, wato mayaƙan ƙasar, suka rasa yaƙin yi, sai gwanintar sarrafa halitta ta zama abin alfahari. A lokacin ne aka dinga fitar da sababbin launukan kifin ado da furanni, aka ƙware wajen tsare bishiya a cikin ƙaramin kasko. Kaji ma ba su tsira ba. A yankin Tosa, wato Kochi ta yau, aka fitar da Onagadori, wanda gashin wutsiyarsa ba ya zuba, har an taɓa samun wadda ta wuce mita 10. Aka fitar da masu doguwar cara irin su Totenko da Tomaru da Koeyoshi, da kan ja cara ɗaya ta haura daƙiƙa 15. Yamato Gunkei da Ko-Shamo 'ya'yan wannan ɗabi'ar ne, sai dai su abin da aka zaɓa a ƙawata a jikinsu shi ne kamannin faɗa.

Kowace siffa ta Shamo tana da aikin da take yi a fage. Faɗansa ba na wuƙa ba ne. A Kagoshima an san zakaran Satsuma wanda a da ake ɗaura wa 'yar wuƙa a ƙafa, faɗa ya ƙare cikin ƙiftawar ido, don haka can sauri da tsalle ake buƙata. Shamo kuwa da baki da ƙirji da ƙaiminsa na halitta yake yi, a daɗe ana turereniya, wanda ya fi juriya shi ke saura a tsaye. Irin wannan faɗan ne ya tsara jikin. Tsawo da dogon wuya suna ba shi damar saran abokin karawa daga sama. Babban zanko da fatar da ke reto a ƙarƙashin baki wurin kamu ne ga abokin gaba, kuma suna saurin zubar da jini, sai aka rage su har suka kusa ɓacewa. Gira mai tudu garkuwar ido ce. Fata mai kauri a fuska da wuya tana shanye sara. Gajeren gashi mai tauri ba ya riƙe zafi, ba ya ba da wurin cafka. Faɗin ƙirji da kafaɗa kuwa nan ƙarfin tura yake.

Masu kiwon ado sai suka ɗauki waɗannan siffofi ɗaya bayan ɗaya suka ƙara musu gishiri, suka kuma rage girman jikin yadda za a iya ajiye shi a ɗan keji a bayan gidan birni. Fata mai kauri ta zama fata mai ninki. Gajeren gashi ya gajarce har ya kasa rufe jiki. Faɗin ƙirji ya kai inda ƙashin tsakiya ke fitowa fili. Abin ya yi kama da a ce an sami ɗan dambe an tsayar da shi a tsayuwar shiga fage, hannu a naɗe, ƙirji a gaba, a ce masa daga yau aikinsa ke nan, ba zai sake kai naushi ba.

Ƙa'idojin da alƙalan gasa ke bi suna da tsauri ƙwarai. A Ko-Shamo ana son in an kalle shi daga gefe a ga ya kasu uku daidai: kai da wuya kashi ɗaya, gangar jiki kashi ɗaya, ƙafafu kashi ɗaya. Wutsiya su kan kira ta wutsiyar jatan lande, saboda yadda gajerun gashinta ke lanƙwasawa ƙasa da ciki. Akwai wani gurbi da ake samu a tsakiyar fiffike, inda gashin ya rabu biyu. A kusan duk sauran kajin gasa na duniya wannan aibi ne da ke fitar da kaza daga takara, amma a Ko-Shamo abin so ne. Alƙali zai sa ɗan siririn sanda ya taɓa ƙarƙashin bakin zakaran don ya miƙe, ya zagaya ya dubi kafaɗun ko sun ɗago sun rabu da jiki, ya kama ƙafar ya duba kaurinta da yadda ɓawonta ya jeru. Launin gashi, wanda shi ne kan gaba a wasu irin kaji, a nan baya yake zuwa. Siffa ake fara dubawa.

Shi Yamato Gunkei har da ƙarin sharaɗin haƙuri. Tattarar fuskar nan ba ta bayyana a ɗan shekara ɗaya. Sai zakara ya shekara biyu zuwa uku kafin fatar ta yi kauri ta zauna, kuma tana ƙaruwa da tsufa. Mai kiwo zai ciyar da tsako tsawon wannan lokaci bai tabbatar ko zai yi kyau ba. Kwatanta da kajin gidan gona na nama da ake yankawa a sati shida ko bakwai, za ka ga nisan da ke tsakanin tunanin biyu.

Wani abu ɗaya ne ba a iya cirewa ba, ko kuma ba a so a cire ba: zuciyar. Zakarun Ko-Shamo biyu ba sa zama a akurki ɗaya. 'Yan tsaki ma tun suna 'yan makonni suke fara sarar juna, dole a raba su, matan kuma ba su da sauƙi ga baƙuwar kaza. Amma da mutum suna da sabo sosai, su kan tsaya a ɗauke su ba gardama, wanda gado ne daga kakanninsu da kullum suke hannun masu horar da su. Wannan na nufin mai zakara goma yana buƙatar ɗaki goma. Ga sanyi, don rashin gashi ya sa hunturun Japan na wahalar da su sai an kare su daga iska. Ga ƙarancin ƙwai. Ga matsalar barbara, saboda faɗin jiki da gajartar gashi kan sa ƙwai da yawa su fito ba ɗa. Duk siffar da ta ƙara wa zakara maki a gasa, sai ka tarar ta rage masa wani abu a wajen haihuwa ko lafiya.

A nan nake ganin masu sukar wannan kiwo suna da abin faɗa. A Jamus, inda ake da masu sha'awar kajin Japan da yawa, dokar kare dabbobi ta hana kiwon da ke gadar wa 'ya'ya ciwo ko naƙasa, kuma muhawara ba ta ƙare ba a kan inda ado ya tsaya, cutarwa ta fara. Misalin da ya fi fitowa fili ba a dangin Shamo yake ba, a Chabo yake, wata 'yar kazar ado ta Japan mai gajerun ƙafafu: ƙwayar gadon da ke gajarta ƙafar, in tsako ya gaje ta daga uwa da uba duka, a cikin ƙwai yake mutuwa, wato kusan ɗaya cikin huɗu in an haɗa gajeru biyu. Yamato bai kai nan ba, amma fatar da ta yi ninki har ta fara rufe ido ba ado ba ce kuma. Masu kiwon kirki sun san haka, suna kuma cire irin waɗannan daga cikin iri. Matsalar ita ce gasa kullum tana jan mutane zuwa ga wanda ya fi wuce gona da iri.

Shi kansa faɗan zakarun bai mutu ba a Japan, amma an matse shi. Babu dokar ƙasa da ta ambace shi ta hana kai tsaye, sai dai caca laifi ce, akwai dokar jin ƙan dabbobi, kuma yankuna biyar sun haramta shi da dokokinsu: Tokiyo tun 1948, sai Hokkaido, Kanagawa, Fukui da Ishikawa. A Okinawa har yanzu ana yi, kuma masu kare dabbobi na kokawa da yadda ake yar da zakarun da suka ji rauni. Mu dai a wajenmu malamai sun daɗe da hana haɗa dabbobi faɗa, don haka ba wani abin kewa ba ne in ya gushe. Abin lura kawai shi ne duk lokacin da aka ƙuntata fage, masu son irin kan koma wajen baje koli, kuma hakan ya ƙara wa ɓangaren ado ƙarfi.

A 1941 gwamnatin Japan ta saka Shamo cikin jerin abubuwan halitta da ƙasa ke karewa a matsayin gadon tarihi, ƙarƙashin wata doka ta 1919 wadda dokar kare kayan al'adu ta 1950 ta maye gurbinta. Irin kaji 17 ne ke cikin jerin, Onagadori kuma aka ɗaga shi zuwa matsayi na musamman a 1952. Jin wannan sai mutum ya zaci an gama magana, gwamnati ta ɗauki nauyi. Ba haka abin yake ba. Dokar ta amince da irin, ta ba shi daraja, amma kajin suna hannun mutane ne, su ke saye da sayarwa, su ke ciyarwa daga aljihunsu. Shekara huɗu kacal bayan sanarwar, ƙasar ta fito daga yaƙin duniya na biyu cikin yunwa, kuma a lokacin da mutum bai sami shinkafar da zai ci ba, ba ya zuba wa zakaran kallo hatsi. Irin kaji da dama sun kusa ƙarewa a shekarun nan, daga 'yan tsirarun da suka rage aka sake tayar da su.

Abin da ya fi doka amfani ga babban Shamo, in za a faɗi gaskiya, tukunya ce. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Tun a ƙarshen zamanin Edo mutanen birni suka fara sassauta ƙyamar, kuma naman Shamo, mai tauri da ɗanɗano ga ƙarancin kitse, ya yi suna a wani dahuwa da ake yi a kasko a gaban masu ci, ana kiransa shamo-nabe. Gidan abinci na Tamahide da ke unguwar Ningyocho a Tokiyo, wanda aka kafa a 1760, da shi ya shahara. Ana ma ba da labarin cewa a daren da aka kashe Sakamoto Ryoma, shahararren samurai mai fafutukar sauya tsarin mulki, a Kiyoto, cikin Disambar 1867, ya aiki yaro sayen naman Shamo ne, kafin yaron ya dawo maharan suka shigo.

A yau wannan kasuwa ta zama tsararriya. Japan tana da ƙa'ida a kan kazar da za a sayar da sunan jidori, wato kazar gida: dole rabin jininta ko fiye ya zama na irin gargajiya, a yi kiwonta aƙalla kwana 75, daga kwana 28 a sake ta a ƙasa ba a keji ba, kuma kada a wuce kaza 10 a kowace murabba'in mita. Cibiyoyin binciken dabbobi na yankuna sai suka dinga haɗa zakaran Shamo da kajin waje masu yawan ƙwai, aka sami Tokyo Shamo, da Aomori Shamorock, da Kawamata Shamo a Fukushima, da Okukuji Shamo a Ibaraki. Kason jidori a naman kajin da ake ci a ƙasar kusan kashi 1 ne cikin 100, amma yana da tsada, kuma muddin ana son wannan haɗin dole a ajiye tsantsar Shamo a matsayin uba. Ga ma'aikata masu albashi, ga kasafin kuɗi, ga rajistar zuriya.

Yamato Gunkei ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan. Ya yi ƙanƙanta ga mahauci, ya yi jinkirin girma ga ɗan kasuwa, ba ya ƙwan kirki, ba a caca a kansa. Abin da ya riƙe shi shi ne ƙungiyoyin masu sha'awa, kuma mafi yawansu dattawa ne a ƙasar da kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65. Matasa sun koma birane, inda maƙwabci ba zai lamunci carar asuba ba, balle a sami filin akurki goma. In dattijo ɗaya ya rasu 'ya'yansa ba su da ra'ayi, zuriyar kajin da ya shekara arba'in yana tacewa ta tafi ke nan. Waɗanda suka rage kuma sai jininsu ya yi ta kusantar juna, ƙyanƙyasa ta ƙara raguwa.

Sai ga murar tsuntsaye. A kakar 2022 zuwa 2023 Japan ta kashe tsuntsaye sama da miliyan 17 don daƙile cutar, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Yawancinsu kajin ƙwai ne na manyan gonaki, waɗanda ake iya sake cikawa daga kamfanonin ƙyanƙyasa. Ga mai kiwon ado lissafin daban ne. In cutar ta ɓulla a kusa, ana hana fita da kaji daga yankin, ana soke baje koli, kuma a baje kolin ne ake haɗuwa a yi musayar zakaru a sabunta jini. In kuma ta shiga gidansa, doka ba ta bambanta kazar gadon tarihi da ta gidan gona, duka ake kashewa.

Wani ɓangare na irin yanzu yana waje. Shamo ya isa Turai da Amurka tun ƙarni na 19, ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta shigar da shi kundinta a 1981, Ko-Shamo da Yamato kuma suka sami masoya a Jamus da Holan da Beljiyam da Birtaniya daga wajen shekarun 1980. Wannan ya rage fargabar a wayi gari babu su gaba ɗaya. Sai dai kowace ƙasa da ƙa'idar gasarta da idon alƙalanta, kuma kajin da aka fara da su a can kaɗan ne, don haka bayan 'yan zuriya siffar kan fara karkata: nan a fi son tsawo, can a fi son launi, wani wurin a cusa jinin wata kaza don a sami ƙwai ya ƙyanƙyashe. Dokokin hana yaɗuwar murar tsuntsaye kuma sun sa fitar da kaza mai rai ko ƙwai daga Japan ya yi wuya, ta yadda mai kiwo a Turai da ke son sabon jini daga tushe sau da yawa sai dai ya haƙura da hotunan da takwarorinsa na can suke turo masa, ya gwada da abin da ke cikin akurkinsa.